Labbo Magini da Gidan Damba

Malam Labbo haifaffen Wanke ne, amma mutanen Gusau sun fi na garinsu saninsa. Ya shigo gari yana saurayi, ya fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, har hannunsa ya faɗa, ya koma ginin bulo da siminti lokacin da aka fara yayinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. Ya yi shekara kusan talatin a kan katangun mutane, kuma duk wanda ya ba shi aiki sau ɗaya yakan sake nemansa.

A shekarar 1995, yana zuba linta a saman ƙofar wani shago a Bungudu, katakon da ya taka ya karye. Ya faɗo a kan ƙugu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Labbo ya yi wata biyar a kwance, da ya tashi kuma sai da sanda. Hawa tsani ya ƙare ke nan. Matarsa Asabe ce ta riƙe gidan da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa nuna masa gajiya a fuska ba. Shi kuwa yakan wuni a dakalin ƙofar gida yana kallon magina suna wucewa da safe, wasu ma shi ya koya musu riƙe cokalin gini.

Ana nan sai aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka yi ta tururuwa daga Sakkwato da iyalansu, kowa na neman wurin sa haƙarƙari. Tsofaffin gidaje suka yi daraja. Gidan da jiya awaki ke kwana a zaurensa, yau an shafe shi da siminti, an mulka masa fenti, gobe dillali na zagayawa da masu saye.

Wani malamin makaranta, Malam Mas'udu, shi ya fara roƙon Labbo ya raka shi ganin wani gida da yake shirin saye. Labbo ya je don kunya kawai. Da ya zunguri silin da wata doguwar gora, sai garin katako ya zubo musu a ka, ashe gara ta cinye katakon rufin tas. Malam Mas'udu ya fasa, ya kuma ba abokan aikinsa labari. Kafin wata uku, an san cewa akwai wani tsohon magini mai sanda da ake ɗauka ya duba gida kafin a yi ciniki. Asabe ta riƙa tsokanarsa, wai da girmansa ya koma malamin duba.

Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙaramar guduma, gorar nan, tocila da bokiti. Yakan bi bango yana ƙwanƙwasawa, kunnensa na rarrabe shafen da ya kama da wanda ke da rami a bayansa. Yakan sheƙa ruwa bokiti biyu a tsakar gida ya tsaya ya ga inda zai nufa. Yakan auna tazarar rijiya da masai da takunsa na mai ɗingishi. Daga ƙarshe ya fita ya sami tsohon da ya fi daɗewa a layin, ya tambaye shi inda ruwa ke tsayawa in damina ta yi nisa.

Da bazarar 1998, wani direban babbar mota mai suna Haliru ya yi sallama da shi. Mutumin Tsafe ne, yana ɗaukar hatsi tsakanin Gusau da Funtuwa, kuma ya daɗe yana son dawo da iyalinsa da mahaifiyarsa Gusau. Dillali ya nuna masa wani gida a unguwar Damba, na magada ne, sun ƙosa su sayar su raba.

"Baba, ni mota na sani, ban san gini ba," in ji Haliru. "In injin na da ciwo, daga ƙararsa nake ganewa. An ce kai ma haka kake da bango."

Washegari da hantsi Haliru ya ɗauke shi a babur. Suna karya kwanar layin, Labbo ya gane gidan. An canza ƙofa, an yi wa gidan shuɗin fenti, amma bakin zauren nan mai ɗan lanƙwasa ba ya ɓace masa, don shi ya fitar da shi da hannunsa. Wannan ne gida na farko da aka damƙa masa a matsayin shugaban magina, shekara ashirin da suka wuce.

Ya kuma san abin da ke ƙarƙashin ɗakin baya. A wurin akwai tsohon rami da aka ɗebi ƙasar gini, unguwa ta mayar da shi juji har ya cika. A lokacin ya gaya wa mai gidan, marigayi Alhaji Hamidu mai fata, cewa sai an haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri. Alhaji ya ce damina ta kawo kai, a yi a gama. Labbo yana tsoron a karɓe aikin a ba wani, sai ya yi shiru ya ɗora harsashi a kan shara. Tun da ya gama ginin bai ƙara bin layin ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har Asabe.

Dillalin, Lawali, yana jiransu a zaure da makullai. Labbo ya yi aikinsa kamar kullum. Ɗakunan gaba uku lafiya lau suke, rufi bai da gara, ruwan da ya zuba ya miƙe ya fita ta kwata. Sai ɗakin baya ya rage. Ya daɗe a bakin ƙofa fiye da yadda ya kamata.

Shafen sabo ne, ya yi santsi, babu ko alamar tsaga. Wanda ya yi shi ya iya aiki. Labbo ya san in ya ce ɗakin ƙalau yake, ba mai musa masa, bangon zai iya kai damina biyu ko uku kafin ya nuna. Ya san kuma in ya faɗi gaskiya, sunan da ya rage masa a garin nan shi ne na magini mai amana, da shi yake ci. Ya juya ya dubi Haliru.

"Wa za ka sa a wanga ɗaki?"

"Inna. Ya fi sanyi, kuma ya fi kusa da bayi."

Labbo ya shiga. Ya buga guduma a kusurwar gabas, bangon ya amsa kamar an bugi ƙwarya. Ya ɓantare shafen da ƙusa, sai ga tsaga mai shigar yatsa biyu ta fito, an cusa mata takardar buhun siminti. Ya ɗiga ruwa a daɓe, ruwan ya gangara kusurwar nan ya taru.

"Tsagar zafi ce, Malam Labbo," in ji Lawali da sauri. "Kowane gida na yin ta."

"Ba ta zafi ba ce. Ɗakin ne ke nutsewa. Juji ne a ƙarƙashinsa."

"Mi ya sa ka ce haka? Ƙasa ka leƙa?"

"Ni na gina shi," in ji Labbo. "Da munka zo nan rami ne cike da shara. Na gani da idona, na ɗora bulo a kai."

Labbo ya gaya wa Haliru komai yana kallon ƙasa, bai jingina laifin ga marigayin ba, ya ce shi ne magini, shi ya kamata ya ajiye cokali ya tafi. Da ya gama sai ya nemi bakin rijiya ya zauna.

Haliru ya zo ya tsuguna a gabansa. "Baba, sauran gidan fa?"

"Sauran a kan ƙasa mai kyau yake. Zai kai jikokinka."

"Ɗakin yana gyaruwa?"

"Sai an rushe shi, a kwashe jujin har a iske jar ƙasa, a cike da tsakuwa a daddage, sannan a taso daga ƙasa."

"To, ina son gidan. Amma kai za ka tsaya a kan aikin. Wanda ya san inda ramin ya fara, shi ya san inda ya ƙare."

Labbo ya ɗaga sandarsa ya nuna masa. Haliru ya ce ai ba bulo ya ce ya ɗauka ba, kujera zai kawo masa.

Magadan sun yi ta ja da farko, amma da babbansu ya zo ya sa yatsa a cikin tsagar, sai suka sassauta farashin. Lawali ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwar Labbo, daga baya ya huce.

Ranar da ya koma gida daga Damba, Labbo ya zaunar da Asabe ya ba ta labarin. Tana cikin matsar tunkuza, ba ta dakata ba har ya kai aya. Sai ta ce, "Shekara ashirin kana ɗauke da wanga abu kai kaɗai? Ai da ka faɗa mini, ko addu'a na taya ka."

An fara aiki kafin ruwan farko. Labbo na zaune a kujerar roba ƙarƙashin inuwar katanga, yana nuni da gora. Masu haƙa suka yi ta fito da fasassun tukwane, gwangwanaye, ƙasusuwa da tsofaffin takalma. Sau biyu suka ce sun iske ƙasa mai tauri, sau biyu ya ce a miƙo masa dunƙule, ya murje a tafin hannu, ya ce a ci gaba. Sai da ramin ya shanye tsawon mutum sannan jar ƙasa ta bayyana. Ranar ya sa aka riƙe shi ya sauka da kansa, ya taka ta da ƙafarsa mai lafiya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Daga nan za mu taso."

Abin da ya ji tsoro bai faru ba. Haliru ya ba da labarin a tasha, direbobi suka kai shi gaba. Wasu sun yi dariya, amma masu neman gida suka ce irin wannan suke so, wanda bai rufa wa aikin hannunsa asiri ba balle na wani. Aka fara aiko masa da babur daga Tsafe, wani ɗan kasuwa ya ɗauke shi har Bungudu, ya wuce ta gaban shagon da ya faɗo, bai ji komai a ransa ba sai godiya. Yakan ce da Allah bai saukar da shi daga kan tsani ba, da ya mutu bai koma Damba ba.

A watan Agusta, bayan kwana uku ana zabga ruwa, Labbo ya hau babur ɗan kabu-kabu ya je gidan ba tare da an kira shi ba. Haliru na hanya, sai mahaifiyarsa, Inna Habiba, ta ce a shigo da shi. Tsohuwa ce mai faɗa-faɗa, ta riga ta cika ɗakin da kwanukanta da buhun gero. Labbo ya shafa kusurwa huɗu da tafin hannu, ko'ina a bushe.

"Kai ne maginin da anka ce?" ta tambaye shi.

"Ni ne, Inna."

"To, bango dai ban ga laifinsa ba. Amma tagar nan ta yi mini sama, ba na ganin masu shigowa."

Labbo ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya yi mata alkawarin da rani zai kawo wanda zai sauke tagar da bulo ɗaya. Ta dama masa fura da nonon da aka kawo mata daga Tsafe, ya zauna a tabarma ya sha, suka yi ta hirar gero da tsadar taki har aka kira azahar.