Gauraka ta Takarda

A shekarar da ta biyo bayan babban fari ina cikin matan da ke jidar duwatsu a tudun Keita, ana jera su don tare ruwa, ana ba mu abinci. Maigidana yana Abijan, shekara uku ke nan. Ya bar ni da 'ya'ya biyu da gona ɗaya a kwari, kuma duk gidan ba gonar da ta kai ta.

Wata rana wasiƙarsa ta zo. A lokacin ban san ko baƙi ɗaya ba, sai ƙanensa da ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya zauna a zaure ya karanta mana, ni da surukata. Ina kallon bakinsa. Ya yi gaisuwa tiryan-tiryan, sai ya tsaya, ya yi tari, idonsa ya tsallake zuwa ƙasan takardar.

"Mi yac ce?" na tambaye shi.

"Ya ce lahiya lau shike. Ki ci gaba da noman gonakki, yana tahowa bayan kaka."

Rubutu cike da takarda, a ce magana biyu ce kawai? Ban yarda ba. Ni dai tun ina yarinya ba na yarda da mai yawan tari cikin magana. Da ya ƙara da cewa in ba shi wasiƙar ya aje mini, sai na ce a raina, to, gonar yake so. Na fizge abina na tura a zane. Sau uku yana sake tambaya a makon nan, har da wasa, wai matar wansa ta zama soja.

A wurin aiki akwai wata baƙuwa mai siraran idanu da ke auna layin duwatsu, muna ce mata Madam. In an zauna hutu sai ta yanko takardar buhun siminti, ta ninka, ta ninka, ta ja gefe biyu, sai ga tsuntsu mai dogon wuya kamar gauraka. Ba wanda ke karɓa. A wurinmu takardar da aka ninka ƙanƙane laya ce, kuma ba a ba da laya don Allah. Tsofaffi suka ce da tsuntsayen nan za a ɗaure mana baki a ƙwace ƙasa. Ni ma haka na ɗauka. Amma na lura da abu ɗaya: ko yaro mai ɓarna ba ya taɓa su, balle ya buɗe.

Wasiƙar kuwa ta zame mini wahala. In na bar ta a ɗaki, na tabbata za a bincika. In na fito da ita a wurin aiki, rabin matan dangin mijina ne, kafin la'asar labari ya kai gida cewa na kai sirrinsu ga bare. Sai na je na durƙusa kusa da Madam, na nuna takardar siminti, na nuna hannuna.

Kwana huɗu tana koya mini. Kusurwa kan kusurwa, a danne da farce, a buɗe, a sake ninkawa ta ɗaya gefen. Hannun da ya saba da dutse bai san lallashi ba, na yaga takarda ta fi goma. Na farkon da ya tsaya, wuyansa ya karkace kamar zabuwa mai ciwo. Madam ta yi ta tafa mini, ni kuwa ina kallonta a kaikaice, ina jiran in ji me za ta nema a wurina. Ba ta nemi komai ba.

Rana ta biyar da safe na ninka wasiƙar. Ta fi tsawo, sai na lanƙwasa bakinta ciki don kada in yanke rubutu. Na rataye ta da zare a wuyana, na fita ta tsakar gida. Surukata ta ja da baya.

"Ke ɗiyag ga, mi kinka ɗauko muna?"

"Maganin Madam na, Inna. Kak ki taɓa."

Ƙanen mijina ya dubi tsuntsun, ya dube ni.

Madam tana da tafinta, wata budurwa 'yar Madawa da ba ta da kowa a garinmu. Da hutu na ja ta bayan wata ƙaya, na warware tsuntsun, na ce ta karanta mini duka, kada ta tsallake ko ɗigo. Ta karanta gaisuwar. Da ta kai wurin, ita ma sai ta yi tari.

"Hwaɗi," na ce.

Mijina ya ce ya yi aure a can, ba ya da ranar dawowa. Gonar kwari a ba ƙanensa. Ni kuma in kwashi yara in koma gidanmu.

Na sa ta maimaita. Sannan na karɓi takardar, na bi sawun ninkin da ke jikinta har ta koma tsuntsu. Raina ya ɓaci da mijina, amma kunya ta fi ɓacin ran yawa. Mako biyu ina yi wa mutum kallon ɓarawo, ashe gonar tasa ce a rubuce, ya karanta mini ita tawa.

Da ruwan shuka ya sauka na tarar da ƙanen mijina a gonar tun da safe, yana sara mini ramuka da sungumi. Tsuntsun yana wuyana. Ya nuna shi da haɓa.

"Maganin nan ya yi aiki?"

"Ya yi," na ce.

Ya ci gaba da sara, ni kuma na bi bayansa ina zuba iri.