Tudun Bambo Namaona

Jawo kujerar nan ka zauna, aikin naka ba guduwa zai yi ba. Labarin maƙwabcina zan ba ka, Bambo Namaona tela, da wata 'yar mota da ta sa shi sunkuyar da kai a gaban surukai. Bambo a wurinmu kamar a ce Malam ne, Mayi kuma Malama.

A Chiradzulu aka haife shi. Ya shigo Blantyre yana saurayi, ya kafa keken ɗinkinsa a barandar wani kanti a nan Ndirande, kuma a nan ya tsufa. Kayan makaranta yake ɗinkawa, rabin yaran unguwarmu a cikin ɗinkinsa suka girma. Mutum ne mai kamun kai ƙwarai. Ko kasuwa zai leƙa sai ya saka kwat ya goge takalmi. Roƙo kuwa bai iya ba. Idan allura ta karye masa, gara ya rufe aiki ya tafi har can kasuwar Limbe ya sayo da ya miƙa hannu wurin telan da ke kusa da shi.

Sai da furfura ta kama shi ya sayi mota. Ƙarama ce, ja da rana ta koɗar, irin mai ƙofa a baya da ake ɗagawa sama, ta riga ta wuce hannu da dama kafin ta zo nasa. Shi ne na farko a danginsu da ya mallaki mota. Tun daga ranar masu dako suka koma ce masa Bwana, wato yallaɓai, shi kuma yana yi kamar bai ji ba, alhali har kunnensa motsi yake don daɗi.

Kada in zalunci motar. Mai kaɗan take sha, kuma idan injinta ya tashi ba ya mutuwa a hanya. Ƙananan abubuwa ne ke cin aljihu. Yau salansa ta huje, gobe lagireto yana ɗiga, gilashin gefen matarsa Mayi Esnart ba ya hawa sai ta kama shi da tafin hannu biyu. Duk wannan ana lallaɓawa. Sai kik, abin da ke tayar da injin, ya mutu. Ka murɗa makulli, ka ji ƙas, shike nan. Bakanike ya sa masa na gwanjo, ya yi 'yan watanni ya sake mutuwa. Aka sa wani, shi ma haka. Sabo kuwa, duk sanda ya tara kuɗinsa sai taya ta fashe, ko inshora ta ƙare, ko mai ya ƙara tsada.

Wani ne, da sai ya riƙa kiran mutane su tura. Bambo Namaona ba zai iya ba. Sai ya lura cewa Allah ya ajiye shi a garin tudu. Idan ya tsayar da motar a kan gangara, hancinta na kallon ƙasa, ba ya bukatar kowa. Ya shiga, ya sa giya ta biyu, ya saki birki, ta fara mirginawa, ya ɗaga ƙafa daga kulochi, ta yi tari sau biyu ta tashi.

Daga nan rayuwarsa ta koma bin gangara. A coci ba ya shiga da ita harabar, can sama yake barinta ya gangaro da ƙafa, yana cewa wurin ajiye mota na dattawa ne. Ya sake kantin da yake sayen yadi saboda tsohon a kwari yake. Akwai aminin da ya daina ziyarta tun da aminin ya koma gida a wurin da babu tudu. A gida kuwa ya ce likita ne ya umarce shi da tafiyar ƙafa, shi ya sa motar ke kwana a saman layi. Mu maƙwabta duk mun sani. Ba wanda ya taɓa tanka masa. Idan ya fito da safe, sai kowa ya sami abin dubawa a wani gefen.

Ana nan sai Limbani, ɗan ƙanwarsa, ya ga yarinya mai suna Tiyamike, 'yar Chikwawa. A wurinmu kawu ne ke zuwa neman aure, ba uba ba, don haka nauyin ya hau kan Bambo Namaona. Al'adarmu kuma da zakara ake zuwa. Ya ce in raka shi. Mayi Esnart ta ba shi shawara mu hau bas. Ya ce ina, kawun da ke da mota ba zai sauka daga bas da zakara a hammata ba.

Tafiyar ta yi daɗi, domin daga Blantyre zuwa can gangara ce zalla. Limbani na baya da zakaran a kwando, sai zufa yake sharewa. Muna haye gadar kogin Shire na ga Bambo ya fara waige-waige. Ya duba hagu, ya duba dama. Ƙasar nan shimfiɗe take kamar tebur, gonakin auduga har inda ido ya tsaya. Muka zagaya ƙauyen sau biyu, wai yana neman inuwa. Ni na san abin da yake nema, kuma babu shi.

Da muka tsaya a ƙofar gidan, ya ja birki, ya fita, ya bar injin na aiki. Limbani ya ce, "Malume, ba ka kashe ba." Malume shi ne kawu. Bambo Namaona ya ce a bar ta ta huce a hankali, haka ake yi wa mota bayan doguwar tafiya.

Kawun yarinyar, Bambo Zuze, dogo ne baƙi, manomin auduga, shi ma ya saka kwat duk da zafin. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, aka kawo ruwa da kunun thobwa. Ka san irin wannan zama ba a shiga maganarsa kai tsaye. Sai an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a yi zancen ruwan bana, a yi na awaki. Duk wannan motar na ta ƙugi a bayanmu, salansarta na tofar da hayaƙi wajen da mata ke tuƙa nsima, tuwon masararmu. Bambo Zuze ya yi magana, ya dubi motar. Ya sake yi, ya sake dubanta. Can na ga wata gwaggon yarinyar ta sauke tukunya daga murhu ta zauna ta naɗe hannu. A wurinsu baƙon da ya bar injinsa na aiki ya riga ya gaya maka ba zai ci abincinka ba.

Bambo Namaona ya fara gabatar da abin da ya kawo mu. Bai kai rabi ba Bambo Zuze ya ɗaga hannu.

"Bambo, mun ga kana sauri. Mutanen birni ba su da lokaci, mun sani. Ba za mu riƙe ka ba. Ɗauki zakaranka, ranar da ka sami sukunin zama da talakawa ka dawo. 'Yarmu ba tumatir ba ce da za a saya ta tagar mota."

Wurin ya yi tsit, in ban da motar. Limbani ya matso ta baya, a hankali ya ce, "Malume, don Allah." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na daɗe da sanin mutumin nan, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dubi tabarma, ya dubi takalminsa. Sannan ya miƙe, ya tafi wurin motar, ya murɗa makulli. Shirun da ya biyo baya har kukan kurciya muka ji. Ya dawo ya zauna, ya ajiye makullin a gaban Bambo Zuze, bai ɗaga kai ba.

"Ba sauri nake ba, Bambo. Ba ta tashi ne sai an tura. A garinmu tudu ke tura mini. A nan ban ga tudu ba, kuma na ji kunyar in roƙe ku."

Bambo Zuze ya daɗe yana kallonsa. Wata mata ta ƙyalƙyale a bayan ɗaki, aka tsawata mata. Sai ya juya ya ce a mayar da tukunya kan wuta.

Aka yi maganar, aka karɓi zakara, aka ba mu kaza, alamar sun amince. Muka ci nsima da kifi, amma loma kaɗan Bambo Namaona ya ci. Da lokacin tafiya ya yi, abin da ya yi shekaru yana gudu ya same shi a dunƙule. Motar ta sha zafi, ta ƙi tashi a turawar farko, ta ƙi a ta biyu. Bambo Zuze ya tuɓe kwat ya sa kafaɗa. Maza suka zo, gwaggon nan ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, har ita amaryar ta sa hannu. Haka muka ratsa ƙauyen, mutane na fitowa ƙofa, Bambo Namaona na zaune a gaban sitiyari shi kaɗai cikin kwat. Bambo Zuze na haki yana cewa, "Suruki, wannan ai ba mota ka kawo mana ba, aikin gayya ne." Sai wajen rijiyar burtsatse ta yi tarin nan nata ta tashi.

An yi auren. Bambo Namaona har yau bai sayi kik ɗin ba, kuɗin ya tafi wajen biki. Abin da ya canja kawai, idan yanzu aka ce masa Bwana sai ya ce sunansa Namaona.

Da Tiyamike ta haihu muka koma barka. Muna isa muka tarar da wani abu a gefen gidan da babu shi a da. Akwai wani ƙaton suri a wurin, sai Bambo Zuze ya sa aka sassabe gefensa, aka zuba ƙasa aka daddaɓe, ya zama hawa mai faɗin mota guda. Yana tsaye a gindinsa yana yi mana nuni da hannu, fuskarsa ba dariya. Duk ƙauyen kuma sun riga sun sa wa wurin suna, tudun Namaona, har kwatance ake yi da shi.

Maƙwabcina ya hau da baya, ya kashe injin, ya ɗan jima a ciki kafin ya fito. A hanyar dawowa ya tambaye ni ko karamci aka yi masa ko tsiya. Kai da ka ji labarin, wanne ka gani?