Tsumma a Cikin Sitiyari

Bakaniken yana satar kallon dattijuwar da ta biyo motarta bayan hatsari. Ga ɗinki a goshi, ga hannu saƙale a wuya, amma tsaye take ƙyam. Ƙila shugabar makaranta ce, ba ta saba a ji tausayinta ba.

"Me ya hana jakar iska fitowa?" in ji ta.

"Mama, garin sinadari ake sakawa. Da an yi karo sai lantarki ya kunna shi, ya saki iska, jakar ta cika kafin ƙiftawar ido. Taki kuwa..."

Ya buɗe sitiyarin. Tsummokara ne cunkushe.

Tana zaro su ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya kan wata tsohuwar riga.

"Ɗana ne ya kai min gyara," in ji ta a hankali. "Rigar nan ni na saya masa."