Tartsatsi Ya Kai Kansa Wajen Macijin Ƙarfe

Shekara arba'in da biyu ya yi yana walda a rumfa ɗaya, tsakanin mai facin taya da mai sayar da fenti, kuma duk layin ba mai kiransa da wani suna sai Tartsatsi. Abokan sana'a sun ce wutar aikinsa ce ta jawo masa sunan. Matarsa ta ce bakinsa ne.

Yana yin ƙofa da taga da gadon ƙarfe kamar kowane mai walda, amma lilon yara aka fi saninsa da shi. Rabin makarantun garin, lilonsa ne a filinsu. In ya gama ɗaya, kafin a ɗora a mota, sai ya zauna a kai da dukkan nauyinsa ya yi lilo sau goma a gaban jama'a. Mai faci ya yi ta dariya yana cewa wannan tsohon bai gama ƙuruciya ba. Shi kuwa ya ce abin da bai ɗauke shi ba, ba zai ɗora ɗan wani a kai ba.

Bai taɓa tafiya don hutu ba. In ka ga ya kulle rumfa, to ƙarfe ya tafi saye ko gaisuwar rasuwa. Sai dai akwai wata kalanda da dilan ƙarfe ya ba shi, mai hoton wani babban filin wasanni a wani birni mai nisan yini guda a jirgin ƙasa. A tsakiyar hoton ga wata hanyar ƙarfe ta miƙe sama ta murɗe ta gangaro, mutane na zaune cikin ƙananan taragu kansu a ƙasa. Maciji ake ce mata. Shekarar kalandar ta wuce da daɗewa, bai cire ta ba. Yakan tsaya da sandar walda a hannu yana kallonta, yana tambayar kansa yadda aka lanƙwasa bututu mai wannan kauri, da irin hannun da ya ɗinke shi.

Yana da shekara sittin da shida likita ya gaya masa cewa idon dama ya fara dushewa, na hagu ma zai bi, a hankali, kuma ba gyara. Ya dawo gida bai ce wa kowa komai ba. Matarsa ce ta tsinci katin asibiti a aljihun rigarsa za ta yi wanki, ta kai wa babbar 'yarsu, wadda ke aikin sakatariya a wani kamfanin magani. 'Yar ta yi kukanta a ɓoye, sannan ta yanke shawara: baba zai ga macijin nan da idonsa tun idon na gani. Ba za a ba ta hutu a wurin aiki ba, don haka ta nemi ejan mai shirya tafiye-tafiye ya ɗauki nauyin komai.

Ofishin ejan na hawa na biyu, a saman wani shagon takalma. Sanyin na'ura ya cika ɗakin, bango duk hotunan teku da duwatsu. Ejan ɗin magidanci ne mai fara'a, ya ba Tartsatsi da 'yarsa kujeru, ya jawo fom, ya dubi 'yar.

"Baba yana iya hawa matakala?"

"Ga ni zaune," in ji Tartsatsi. "Ka tambaye ni. Da ƙafata na hawo benenka."

Ejan ya ba da haƙuri, ya juyo gare shi ya zayyana tsarin. Ayari ne na mutum talatin, kowa da hula ruwan ɗorawa don kada a ɓata. Mota za ta ɗauke su daga tasha, otal yana daura da ƙofar filin, kuma ba za su bi dogon layi ba. Da safe lambun furanni, sai kwale-kwale a tafki, sai wasan tsuntsaye.

"Maciji fa?"

"Za a tsaya gefensa minti goma a ɗauki hoto."

"Hotonsa yana rumfata shekara tara. Hawa nake tambaya."

Ejan ya ajiye biro. Ya ce duk wanda ya haura sittin da biyar, ba su ɗora shi a kai, inshorarsu ba ta yarda ba.

"Masu filin ne suka hana, ko ku?"

"Gaskiya mu ne. Su in lafiyarka ƙalau ba ruwansu da shekaru."

"To ka faɗi gaskiya, Allah ya yi albarka." Ya miƙe ya gyara hularsa ta kansa. "Ka ba wani hular taka."

Yana bakin ƙofa ejan ya ce, "Baba, in da kanka za ka je, kada ka je ran Litinin. Ba su buɗewa sai sha biyu." Tartsatsi ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. A ransa ya ce irin barazanar da ake yi wa ciniki ce in zai kuɓuce.

A kan matakala 'yar ta tare gabansa.

"Baba, ba ka taɓa zuwa garin nan ba. Ba ka iya karanta allon mota daga nesa. In ka faɗi a can wa zan kira?"

"Ke yarinya," in ji shi, ko da yake ta cika arba'in, 'ya'yanta uku, "na ji kin so ni da alheri. Amma ba zan yi tafiyar yini guda a sa mini hula a kai ni kallon fure ba. Ido ne zai tafi, ba ni ba."

"To ba da hannuna ba."

"Dama ban roƙi hannunki ba."

Ya yi nadamar wannan kalmar tun kafin su kai ƙasa, amma bai janye ta ba. Mako uku ba ta taka gidan ba.

Cikin makonnin nan ya shirya tafiyarsa. Ya je tasha da kansa ya tsaya a taga ya yi ta tambaya har mai tikiti ya gaji da shi. Wani direban babbar mota da yake yi wa facin tanki ya ba shi kwatancen masauki mai tsabta, da lambar motocin hayar da zai bi. Ya yanko kwali daga katan ɗin sandunan walda ya rubuta komai da manyan baƙaƙe, yadda idonsa zai kama.

Matarsa tana ta kallonsa, sai ana gobe tafiya ya ga ta fito da jaka biyu.

"Ina za ki?"

"Ba don macijinka ba. Don kada ka ɓata a ce ni na bar ka."

Ran Lahadi suka shiga jirgi, suka isa da la'asar. Masaukin kuwa tsaf yake kamar yadda direba ya faɗa, sai dai yana bayan tashar manyan motoci, a ɗaya ƙarshen birnin, don shi direba nan ne duniyarsa. Washegari da sassafe Tartsatsi ya shige gaba da kwalinsa a hannu, ya tsai da mota, suka shiga. Sun yi tafiya mai tsawo har gidaje suka fara ƙarewa, sannan ya tambayi kwandasta ko an kusa filin wasanni. Kwandasta ya ce sun ba shi baya tun daga farko. Mota mai lamba sha bakwai ya kamata su hau, sun hau mai sha ɗaya.

Suka sauka a bakin titi. Matar ta gyara mayafinta.

"Na ga lambar," ta ce. "Ba ka tambaye ni ba."

Ya daɗe yana kallon kwalin. Da wata mota ta taho, sai ya miƙa mata shi.

"Maman yara, karanta mini waccan."

Tun aurensu ba ta taɓa jin ya ce a karanta masa wani abu ba. Ba ta yi masa gori ba. Ta karanta, ta ce ba ita ba ce, su jira ta gaba.

Duk da haka ƙarfe tara suka isa ƙofar filin, suka tarar da ita a garƙame. Mai gadi ya nuna musu allo: Litinin, sha biyu. Suka zauna a kan dakalin siminti, rana na ƙara zafi. Bayan awa guda matar ta ce, "Ejan nan fa ya gaya maka."

"Ya gaya mini."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ya san aikinsa. Ban taɓa cewa bai sani ba."

Sha biyu saura kaɗan, masu hula ruwan ɗorawa suka fito daga otal ɗin da ke tsallaken titi, fes da su, suka shige ta ƙaramar ƙofa. Matar ta bi su da kallo, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Shi kuwa ya kafa wa babbar ƙofar ido kamar bai gansu ba.

Layin maciji awa ɗaya da rabi ne, kuma yana bi ta ƙarƙashin ginshiƙan. Kowa na ƙorafin zafi ban da shi. Duk ginshiƙin da suka zo kusa da shi sai ya miƙa hannu ta saman shinge ya bi ɗinkin waldar da yatsa, daga farko har ƙarshe. Ya matso da idon hagu har hancinsa na neman taɓa fenti.

"Wanda ya yi wannan bai ɗaga hannu ba," ya gaya wa matarsa. "Numfashi ɗaya. Taɓa ki ji."

Ta taɓa. Ta ce ita ƙarfe ta ji. Ya ce ai shi ne, in aiki ya yi kyau ba a jin inda aka haɗa.

Kusa da wurin hawa, ayarin masu hula suka zo ɗaukar hoto. Wani dattijo a cikinsu, sa'arsa ko ya ɗan girme shi, ya jingina da shinge ya dube shi.

"Malam, kai an bar ka?"

"Ban tambayi kowa ba," in ji Tartsatsi.

Matar da ke kula da ƙofa ta tsai da shi da takarda a hannu. Ciwon zuciya? Babu. Hawan jini? Babu. Ciwon baya ko wuya? Babu. Sai ya ce, don kada ya ɓoye mata, idonsa ɗaya ya kusa tafiya.

"Ido ba ya cikin takardata, Baba," ta ce. "Yawancinsu ma rufewa suke yi."

Aka saukar masa da ƙarfe a ƙirji. Ya girgiza shi da hannu biyu ya ji bai motsa ba. Taragu suka fara hawa a hankali, sarƙa na ƙas-ƙas a ƙarƙashinsa, yana lissafa haƙoranta da kunne. Da suka kai ƙololuwa ya buɗe ido iya buɗewa. Birnin ya zama masa kamar zane da aka jiƙa, tafkin na walƙiya kamar sabon kwano, bai iya rarrabe mutum ko ɗaya a ƙasa ba. Amma faɗin ya gani, faɗin da bai taɓa sanin duniya na da shi ba. Sai ƙasa ta ɓace daga ƙarƙashinsa.

Ya manta da walda. Cikinsa ya hau wuyansa, iska ta cika masa baki, sama ta koma ƙasa, ya ji wani yana kiran uwarsa da ƙarfi, uwar da ta rasu shekara talatin da suka wuce. Minti biyu aka yi. Da aka ɗaga ƙarfen ya fito, ya yi taku huɗu, ya zauna daɓas a ƙasa.

Matarsa ta zo da gorar ruwa ta tsuguna.

"Na ji wani yana ta kiran innarsa tun daga can."

"Mutumin da ke gefena ne."

"Mace ce a gefenka, Baban yara."

Ya sha ruwa. Rabin ruwan a rigarsa ya zube. Sai dariya ta kama shi, ta kama ta, suka zauna nan a ƙasa mutane na ratsa su. Da ya samu ƙafa, ya ce yanzu kuma ita ce mai zaɓi. Ta zaɓi kwale-kwale. Ya shiga ya zauna, bai kushe komai ba.

Ran Laraba da suka sauka daga jirgi, 'yar na tsaye a tasha. Ta karɓi jakar uwarta, ta gaida uban a taƙaice. Kafin su kai gida uwar ta ba ta labarin mota sha ɗaya da dakalin siminti, ba ta rage ko kaɗan ba. 'Yar ta juyo.

"Baba, da ka bi ejan duk wannan wahalar ba za ta same ku ba."

"Haka ne."

"To?"

"To na hau."

Da yamma sai ta dawo da 'ya'yanta ta ce ya ba su labarin. Ya bayar, ya tsallake wajen kiran inna, matarsa ta cike masa.

Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a rumfa, sannan ya sallama wa ƙaninsa injin, don ya daina ganin bakin ɗinki. Har yanzu yana zuwa kullum ya zauna a benci, kuma ba ƙofar da ke fita sai ya shafa ta ya ce ta yi. Kwanan baya ya sanar a gida cewa teku yake so ya je, ko bai gani sosai ba zai ji ƙararsa. 'Yar ta ce wannan karon da ita za a tafi, kuma ita za ta nemi masauki. Ya ce ta nemi masauki, amma hanya tasa ce. Ta ce hanya ma sai ta duba. Suna tsaye a ƙofar kicin suna wannan ja-in-ja har matarsa ta kore su duka biyun, ta ce su je tsakar gida su ƙarasa, ita tana da aiki.