Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

A gidanmu na Argungu, albasa ce maganin kusan komai. Mijina nomanta yake yi, surukata kuwa ita ce likitar. Da kunnen hagu na 'yar farina ya fara ciwo, tana shekara huɗu, sai tsohuwa ta gasa albasa a toka ta matse ruwan a ciki. Kwana uku yarinya tana ihu da zazzaɓi. Ran na huɗu mugunya ta ɓalle, kuka ya tsaya.

"To, ciwo ya hita," in ji surukata. "Mi ya rage?"

Ni ba ni da bakin magana. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane, kaka ce mai shi. "Ke" nake ce mata, ko "waccan". Amma idona yana kanta. Wata biyu kunnen yana zuba, ita kuma kullum tana wanka a gulbi. Ran nan tana kwance a kan kunnen dama tana wasa da kara, na saki kwanon sha a bayanta da gangan. Kaji suka watse, ita ko motsi. Sai na tuna surukina, tsohon masunci, da irin wannan zuba ya fara, ga shi sai an yi masa ihu yake ji.

Da safe na goya ta, ƙatuwa da ita, a tsakar gida, a gaban surukata.

"Inna, asibitin Birnin Kebbi za ni da ita."

"Ke da kanki? Ɗiyar hwari? Ina kunyakki?"

"Inna, ki yi haƙuri. Kunya ta jira ni nan, in na dawo in ɗauka."

Muna jihar Sakkwato a lokacin, mota sai an jira ta cika. Malamar asibiti ta haska kunnen da tocila, ta ce dodon kunne ya huje. Ashe kukan ya tsaya ne don mugunya ta sami hanyar fita, ba don an warke ba. Ta ba ni maganin sha da na ɗigawa, ta koya mini murza tsumma mai tsabta kamar lagwani in tsane kunnen sau uku a rana kafin in ɗiga. Ba albasa, ba mai, ba gashin kaza, ba gulbi.

Hana 'yar Argungu gulbi! Nan na sha fama. Ta yi kuka, matan unguwa suka sa mini suna marar kunya, na ce na ji. Surukata ta yi mako ba ta amsa gaisuwata sai da hanci, amma da ta ga kunnen yana bushewa, ita ta riƙa tuna mini lokacin magani.

Bayan wata uku malamar ta ce hujin ya rufe. Ni dai sai na gwada da kaina. Da azahar yarinya tana kwance a kan kunnen dama, surukata tana gefe tana tsintar shinkafa. Na tsaya a bakin ƙofa, na kira sunanta a hankali, karo na farko a rayuwata.

Ta ɗago kai tana waige-waige, ta dubi kakarta. "Inna, wa ya kira ni?"

Tsohuwa ba ta ɗaga ido daga faifai ba. "Uwakki ce," ta ce. "Tashi ki amsa mata."