Bakwai Cikin Goma

Yu Wartini yayar mijina ce, kuma a duk ƙauyenmu na Sidoluwih ba a taɓa yin macen da ta zauna a falon mutane kamar ita ba. Aikinta ke nan. Da zarar zaɓe ya matso, wani kamfanin jin ra'ayin jama'a da ke Jakarta sai ya aiko mata da takardun tambayoyi, ta ɗaure su a bayan babur, ta nufi duk ƙauyen da aka rubuta mata, ko da a bayan duwatsu yake inda kwalta ta ƙare. Kafin nan soyayyen tempe, wato wainar waken soya, take sayarwa a bakin makarantar firamare, tun da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu. Wata malama ce ta lura cewa duk wanda ya tsaya sayen tempe sai ya zazzage wa Yu War cikinsa kafin a miƙa masa canji, ita ce ta haɗa ta da kamfanin.

Tana da ƙa'idodinta, kuma ba ta wasa da su. Mayafinta kullum ruwan ƙasa ne, domin ja da rawaya da kore da shuɗi duk jam'iyyu sun rabe su, mutum kuwa kafin ya amsa tambaya sai ya fara duban kayan jikinka. Takan tsallake gidaje daidai yadda aka ce ta tsallake, ta shiga wanda lissafi ya faɗa a kansa, ko da kare ne kwance a ƙofar. In matar gida aka zaɓa, ba ta yarda mai gida ya amsa mata. In wanda aka zaɓa yana gona, sai ta tuɓe takalmi ta bi shi cikin taɓo. Kowane gida kuma sai an ajiye mata shayi mai zaƙi kamar zuma, ita kuwa ba ta iya mayar da hannun mai gida. Mun sha tsokanarta cewa rabin sukarin lardin nan a cikinta ya ƙare.

Ranar zaɓen ƙasa da la'asar takan zo gidanmu kallon talabijin. In alƙaluman kamfaninsu suka zo kusa da na gaskiya, kuma galibi sukan zo, sai ta gyara zama tana murmushi kamar ita aka zaɓa. Ni a lokacin ɗaukarta nake mai shisshigi da aka samo wa albashi. Ban san ranar da zan ci moriyar shisshigin ba.

Mijina, Mas Kasmidi, ya yi ritaya daga ofishin ban ruwa na gunduma a shekarar da wa'adin dagacinmu ya ƙare. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah ya yi shi da kunnen da ke son daɗi. Maza suka fara zuwa hira da yamma, suna shan shayinmu da tabarsa, suna cewa ai ƙauyen nan ba shi da wanda ya fi shi ilimi. Bai ankara ba ya tsinci kansa ɗan takarar dagaci, domin a nan zaɓensa ake yi. Abokin karawarsa Tukijan ne, mai injin casar shinkafa, wanda ko gaisuwa mai tsawo bai iya ba.

Takara kuwa tana cin kuɗi: a ciyar da duk wanda ya shigo har ranar zaɓe, a gyara wa wannan unguwa gada, a sa wa waccan fitila, ga kuma ɗan abin da ake zurawa a ambulan da asubar ranar. Fansho ba zai ɗauka ba. Sai idon Mas Kasmidi ya sauka kan gonar shinkafata da ke bakin magudanar ruwa, wadda na gada daga mahaifiyata, mai ba da amfani sau uku a shekara. Hujjarsa ita ce dagaci yana samun gonakin sarauta ya noma muddin yana kan kujera, saboda haka ɗaya za mu sayar mu sami biyar. Sai dai gonar da sunana take, ba ta sayuwa sai na sa hannu.

Na yi kuka, na yi fushi, na daina sa barkono a miya don ya ji a jikinsa. Da na ga ba ya ji, sai na kawo dabarar da na ɗauka wayo ce. Na ce a sa Yu War ta auna ƙauyen yadda take auna ƙasa. In takardunta suka ce zai ci, zan sa hannu, na yi alkawari a gaban ɗanmu. A raina ina da tabbacin ba za su ce haka ba.

Ita da farko ƙi ta yi. Ta ce a kira wata abokiyar aikinta daga Sragen wadda ba wanda ya sani a nan. Mas Kasmidi ya ce shi ba zai bar baƙuwa ta yi yawo da sirrinsa ba alhali yana da 'yar'uwa mai sana'ar, ya kuma haɗa ta da girman iyayensu. Haka ta ɗaura mayafinta ruwan ƙasa, ta bi gidaje tana tsallakewa tana shiga, tana shan shayi. Da ta gama ta haɗa lissafi, sai ga mutum bakwai cikin goma sun ce Kasmidi. A ranar nan mijina ya aika aka yanka kaji, ya kuma aika wa mai sayen gona cewa ya zo bayan bikin gidan wata 'yar unguwarmu, Bu Ngatinem. Ni kuwa ga alkawari na riga na furta.

Bikin 'yar Bu Ngatinem shi ne ya cece ni. Kamar kullum, matan unguwa suka taru a madafa tun ana sauran kwanaki, kowa da wuƙarta, masu gugar kwakwa na yi, masu naɗe abinci a ganyen ayaba na yi. Ni matar ɗan takara an hana ni zama, wai kada hayaƙi ya ɓata mini ido. Yu War kuwa ta shiga ta ƙofar baya da tsohon zane, ta ja turmi ta hau dakan barkono. Daga baya ita da wasu matan suka ba ni labarin abin da ya faru.

Hira ta yi daɗi har aka manta da ita, wata ta fara yabon Tukijan, sai aka zungure ta. Yu War ba ta ɗaga kai daga turmin ba, ta ce su ci gaba, yau ba ta zo da takarda ba. Mbah Painem, tsohuwar da ke dafa shinkafar kowane biki, wadda shekaru suka cire mata kunya tare da haƙora, ita ce ta amsa.

"Ke ma dai War, da neman magana. Kin shigo mana ta ƙofar gaba, kin zauna a kujerar baƙi, kofin shayinmu a hannunki, ga hancin Kasmidi ɗoɗar a fuskarki. Me kike so mu ce? Mu ce ba ma son ƙaninki?"

Aka kwashe da dariya, baki kuma ya buɗe. Ba wadda ta zagi mijina. Cewa suka yi mutumin arziki ne, sai dai in an yi rasuwa yakan zo da rigarsa a goge, ya zauna a kujerun gaba tare da manyan baƙi, ya yi addu'a ya tafi. Tukijan kuwa shi ke naɗe wando ya shiga kabari ya karɓi gawa, ta mai kuɗi da ta talaka. Kusan kowace mace a wurin tana da wanda Tukijan ya kwantar mata a ƙasa.

Washegari da hantsi Yu War ta shigo gidanmu ta madafa, ko mayafin kirki babu. Ta tarar da ƙaninta yana goge takalmi, ta ce masa lissafin nan nata ba shi da kyau, ta janye shi. Ya ɗauka wasa take. Da ya ji dalilin, fuskarsa ta canza.

"Shekara nawa kina cika mana kunne cewa takarda ba ta ƙarya, Yu? Yau kuma gulmar masu gugar kwakwa ta fi ta?"

"Takarda tana faɗin gaskiya in baƙo ya ɗauke ta zuwa wurin baƙo, Di. A can ba wanda ya san ni, ba wanda zai haɗu da ni gobe a kasuwa. A nan da fuskarka na je. Ban ce za ka faɗi ba, ban sani ba. Bakwai ɗin nan ne dai ban yarda da shi ba."

Ya ce to ai alkawari alkawari ne, takarda ta ce zai ci. Sai ta juyo gare ni. Ban taɓa mantawa da yadda ta dube ni ba, idonta duk ya yi ja da hayaƙin jiya.

"Dik Lasmi, a kan maganata kika ɗaura alkawarinki. Mai maganar ta zo da ƙafarta ta ce ba daidai ba ce. Kada ki sa hannu."

Ban sa ba. Mai sayen gona ya zo ya sha shayi ya koma. Mas Kasmidi ya yi takararsa da abin da fansho ya iya, shayi da taba da kalamai masu daɗi.

Ranar zaɓe aka zaunar da 'yan takara a kan dandamali a filin ofishin ƙauye, kowa da alamarsa ɗaure a bayan kujera, mijina damin shinkafa, Tukijan saiwar rogo. Da aka fara ƙirga, ana ɗaga kowace ƙuri'a ana kiran alamar da ƙarfi. Shinkafa ta fara da kyau. Daga nan sai rogo, rogo, rogo, mutanen da suka ƙoshi da kajinmu suna tafi. Mijina yana zaune a miƙe yana murmushin dole har aka gama. Ya faɗi, amma tazarar ba ta da yawa, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Har yau yana cewa da an sayar da gonar da ya cike gurbin. Wataƙila gaskiyarsa ne. Na taɓa tambayar Yu War, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ba za ta ƙirƙiro mini amsa don in ji daɗi ba.

Abin da na sani shi ne ita ta biya kuɗin sabulu. Labarin lissafinta ya riga ya zaga ƙauye tun ranar yankan kaji, sai aka laƙaba mata Bu Bakwai-cikin-goma. In ta wuce a babur, masu zaman shagon kofi su tambaye ta ko gobe za a yi ruwa, bakwai cikin goma. Ko sau ɗaya ba ta ce ai ku ne kuka yi mini ƙarya ba, ba ta kuma ce ƙaninta ne ya tilasta ta ba. Shi kuwa ya ɗauke mata wuta. Ranar Salla ya je ya sumbaci hannunta kamar yadda ƙane ke yi, amma bakinsa bai buɗe da hira ba. Ni ce duk girbi nake sa a kai mata buhun sabuwar shinkafa, yana gani, ba ya hanawa, ba ya tambaya.

Gonar nan ita ta kai 'yarmu makarantar ungozoma. Ita ta riƙe mu shekarar da aka yi wa Mas Kasmidi aiki a ido. Duk sanda na tsaya a kan kunyarta ina kallon ruwa na shiga, sai na yi wa Yu War addu'a, domin mace ce da ta zaɓi a yi mata dariya a kasuwa da a raba ni da abin da uwata ta bar mini. Ban san da bakin da zan gode mata ba, in na fara kuma sai ta ce in bar surutu in miƙo mata wuƙa.

Shayin mutane bai bar ta haka ba. Ciwon suga ya kama ta, ya fara da ido, ya sauka ƙafa, babur ya koma jingine a bango. A girbin ƙarshe kafin ta kwanta, na fito neman wanda zai kai mata buhu, sai na tarar Mas Kasmidi ya riga ya ɗora shi a kan keke. Na bi bayansa daga nesa, don ni ma ba a raba ni da shisshigi. Ya wuce ƙofar falo ya zaga ta baya, ya sauke buhun kusa da murhu. Na jiyo muryarta daga ciki tana tambayar wane ne, ya ce shi ne. Ta ce ya zauna, amma ba shayi, likita ya hana. Sun daɗe suna magana, ni kuwa na juya gida.

Ta rasu da damina. An jera kujeru a ƙofar gida kamar yadda aka saba, manyan baƙi suka zauna, har da mutum biyu daga kamfanin da suka zo da fure. Kujerar da aka ajiye wa Mas Kasmidi a gaba ba wanda ya hau ta. Ɗanmu ya gaya mini cewa a maƙabarta, Tukijan ya fara naɗe wando kamar kullum, sai mijina ya dafa kafaɗarsa, ya tuɓe takalmansa masu sheƙi ya miƙa wa na kusa, ya sauka cikin ramin da farar rigarsa. Tukijan, dagacinmu na yanzu, ya bi shi, su biyu suka karɓe ta. Ya dawo gida jar laka har gwiwa, ya zauna a bakin rijiya, na jawo masa ruwa.

Shinkafar sadakar bakwai daga gonata aka auno ta. Mbah Painem ce ta dafa, tana tsaye da sanda tana ba da umarni. Ta damƙi ɗanyar a hannu ta shinshina, ta tambaye ni ta wace gona ce. Na ce ta bakin magudana.

"Ashe tana nan," in ji ta.

Na ce tana nan, Mbah.