Injin da ba shi da fistin

Shekara ashirin da shida na yi ina buɗe injin mota, goma sha ɗaya a Kaduna, sauran a wani gareji kusa da Utaiƙa a Riyadh, irin wanda a nan ake ce wa warsha. Tsarina bai taɓa canzawa ba. In an kawo mota, nakan fara sauraren injin, sannan in duba hayaƙi, sannan baƙin mai, sannan fulogi. Ba na ɗaukar sufana sai na gama waɗannan huɗun. Idan aiki ya ƙare kuma, magana ɗaya nake yi wa mai mota: ya yi, ko bai yi ba. Ban saba da wata amsa ta uku ba, kuma mutane sun san ni da haka.

Cikin masu kawo mini mota akwai wani injiniyan ruwa ɗan Zariya da matarsa, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Shumaisi. Shekara bakwai ni nake duba motar gidansu. Hajiya ba ta gardama da ni. In na ce birki bai yi ba, ko a makare take sai ta ajiye makulli ta nemi tasi.

Wata Asabar da hantsi Injiniya ya zo da wani abu nannaɗe da bargo a bayan mota. Ya yaye bargon yana murmushi.

"Mu'allim, na kawo maka baƙo."

Na duba. Ƙarfe ne dunƙulalle, bai fi buhun shinkafa girma ba.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan gaba ɗaya."

"Injiniya, an cuce ka a tashlih. Rabin inji aka ba ka."

Tashlih shi ne filin da ake farfasa matattun motoci a sayar da kayansu. Ya ce ba a cuce shi ba, wata uku ya yi yana neman irin wannan, daga wata ƙaramar motar tsere aka ciro shi. Kuma ba mota zai sa wa ba, jirgin sama zai sa wa. Ashe shekara huɗu yana haɗa jirgi mai kujera ɗaya da hannunsa, a wani shingen shaƙatawa, fili mai katanga, da ya kama haya a bayan gari. Ya koyi tuƙin ƙaramin jirgi tun yana saurayi. Kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, zai loda komai a kwantena ya kai gida, a can ya nemi izini ya tashi.

Na tambaye shi me ya hana shi sayen injin jirgi. Ya ce wannan ya fi sauƙin nauyi, ba ya jijjiga, kuma manyan abubuwan da ke motsi a cikinsa uku ne kacal. Ya ƙara da cewa ko ya ji ciwo ba ya tsayawa farat ɗaya, yakan ci gaba da juyawa har ya sauke mutum ƙasa. Na ce na ji, duk da ban gane ba.

Da yamma Hajiya ta kira ni a waya.

"Malam, na gaji da gardama da mutumin nan. Mun yi yarjejeniya a gaban yayansa. In ka ce injin ya yi, zai hau. In ka ce bai yi ba, ya haƙura har abada."

"Hajiya, ni makaniken mota ne."

"Ai injin mota ne. Ni dai maganarka na sani."

Na amsa. Da na san abin da ke cikin ƙarfen nan, da ban amsa da wuri haka ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka buɗe shi a shingen, fukafukan jirgin na jingine da bango. Na nemi kan silinda, babu. Na nemi bawul, babu. Dogayen kusoshi muka kwance, sai injin ya rabu faifai-faifai kamar an yanka burodi. A ciki, maimakon fistin, wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku, kowanne a cikin ɗaki mai siffar ƙwanson gyaɗa. A kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe da ke goga bangon ɗakin, shi ne a madadin ringi.

Duk injin da na sani aiki huɗu yake yi bi da bi: ya sha, ya matse, ya ƙona, ya fitar. Na ce wa Injiniya ya nuna mini inda wannan yake farawa. Ya juya ƙarfen da hannu, ya ce wannan fuskar tana sha, waccan tana matsewa, ta ukun tana fitarwa.

"Wacce ce ta farko?"

"Babu ta farko. Duk lokaci ɗaya suke yi."

"Ba a aiki babu na farko."

"To ga shi ana yi, Mu'allim. Ka kai ƙara wurin waɗanda suka ƙera."

Na koma gida ina juya abin a kaina. Har takarda na yanka mai kusurwa uku na dinga juyawa a cikin faranti, ban samu farkon ba.

Yana da littafin injin, na Turanci, mai hotuna. Turancina na firamare ne, don haka shi yake karantawa, ni ina haɗawa. Juma'a biyar muka yi. Shafi ɗaya ne kawai ya kwanta mini a rai, wanda ya sa wa dogayen kusoshin lamba, ya ce a ɗaure na ɗaya kafin na biyu. Sauran duk bin hoto na yi. Akwai wani ɗan famfo a gefe mai siraran tiyo huɗu, na jona su inda hoton ya nuna, ban tambayi aikinsu ba, shi ma bai faɗa ba. Daga nan muka ɗaura lagireto, da giyar da ke rage gudu kafin ya kai ga farfela, muka kafe injin a kan teburin ƙarfe.

Ya tashi a bugu na uku. Ƙararsa ba ta yi kama da ta kowane inji da na sani ba, tsakanin babur da injin yankan katako. Na kasa kunne, ban ji komai da zan iya fassarawa ba. Amma na ga hayaƙi, shuɗi-shuɗi, kaɗan. Ban nuna wa Injiniya ba don yana ta murna.

Washegari aikinsa ya tura shi gabas na mako biyu. Ya bar mini makullin shingen, ya ce in dinga tayar da injin awa ɗaya ko biyu ina rubuta zafinsa. Na yi kwana biyu a haka. Hayaƙin bai ɗauke ba, baƙin mai kuma yana raguwa a sandar awon mai. Wannan kam na san shi. Injin da ke shan baƙin mai yana hayaƙi shuɗi ba shi da lafiya, tun ina yaron shago aka koya mini haka, kuma ban taɓa ganin ya saɓa ba. Na bi sawu a tsanake, sai na gano ɗan famfon nan ne yake ɗibar mai yana turawa ta siraran tiyon kai tsaye cikin ɗakin wuta. Na yanke hukunci cewa famfon ya lalace yana yoyo. Na cire tiyon huɗu, na toshe ramukan da ƙananan kusoshi.

Hayaƙi ya ɗauke. Mai ya tsaya cak a sanda. A karon farko na ji na fahimci wani abu a injin nan. Na ci gaba da tayar da shi, na ba shi wuta sosai, jimilla awa shida da rabi kafin Injiniya ya dawo.

Ni da kaina na nuna masa. Na ce ya dubi salansa, fes. Na miƙa masa tiyon huɗu a leda. Ya dubi ledar, ya dubi injin, sai ya nemi jarka ya zauna.

"Awa nawa?"

"Shida da rabi."

"Mu'allim, wannan injin an yi shi ne don ya sha mai. Siraran ƙarafan kusurwa ba su da wani mai sai wanda tiyon nan ke kai musu. A bushe suka yi ta goga bango."

Na ce babu wanda zai ƙera inji ya ce ya sha baƙin mai da gangan. Ya buɗe littafin ya karanta mini. Ban gama haɗiye wannan ba sai ya ce ai masu sa irin injin a jirgi su ma cire famfon suke yi, shi ma yana da niyyar cirewa. Sai dai su suna zuba mai a cikin fetur, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta.

"To daidai na yi ko kuskure?"

"Ka cire abin da ake cirewa. Ba ka zuba abin da ake zubawa ba."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita ce da ni."

Ya gauraya mai da fetur, ya tayar da injin. Ya tashi a bugu ɗaya, ƙararsa yadda take. Fuskar Injiniya ta saki. Ya ce Allah ya kiyaye, a bar maganar a nan, kwana goma sha biyu ya rage a rufe kwantena. Na ce ba a bar ta ba. Shi da bakinsa ya gaya mini injin nan ko ya ji ciwo ba ya tsayawa. Abin da ya burge shi ke nan a matsayinsa na matuƙi, ni kuwa shi ne ya toshe mini kunne. Na ce sai an buɗe daga kusa ta farko. Mun ɗan yi sa-in-sa, har ya ce mini taurin kaina ya fi ƙarfen. Na ce na yarda, ya miƙo sufana.

Na buɗe. A bangon ɗakunan biyu akwai zane-zane sirara, kamar sawun gashi. Na bi su da farce. Wasu farcen yana wucewa, biyu ko uku yana ɗan kamawa. A silinda ta fistin da nan take zan faɗi hukunci. A nan ban san iyaka ba. Abin da ya fi damuna, ban san ko suna nan tun buɗewar farko ba, domin a lokacin ban san abin da zan duba ba. Na je tashlih da kaina na samo wani mataccen injin irinsa don in gwada, sai na tarar nasa zanen ya fi namu yawa, kuma mai wurin ya rantse cewa da ƙafarta motar ta shigo.

Muka sa sababbin ƙarafan kusurwa, na mayar da komai bisa lamba. Na auna matsin iska, allurar ma'aunin ta buga sau uku daidai wa daida a kowane ɗaki, lambar ta faɗa cikin abin da littafi ya yarda da shi, amma a ƙasa-ƙasa. Injiniya ya ce sababbin ƙarafa sai sun zauna lambar za ta hau. Mai yiwuwa haka ne. Littafin bai ce komai a kan injin da ya yi awa shida da rabi a bushe ba.

Juma'ar ƙarshe Hajiya ta zo shingen da kular tuwo. Ba ta ko kalli jirgin ba. Bayan mun gaisa ta tsaya a gabana.

"Malam, ina sauraro."

"Ban sani ba, Hajiya."

"Ba ka taɓa ce mini haka ba."

"Ban taɓa ba."

Na ba ta labari daga farko, da tiyon, da awannin, da zanen. Ta juya ga mijinta ta tambaye shi ko ya manta ne bai gaya mata wannan ba. Ya ce an riga an gyara, me za a faɗa. Sannan ya ce, "Ki lura, bai ce bai yi ba."

"Bai ce ya yi ba."

"Mu'allim, don Allah ka faɗi ɗaya. Ka ga allura da idonka."

Na so in faɗa. Mutumin nan shekara huɗu ya ba jirgin nan, kuma kuskuren nawa ne, ba nasa ba. In na ce bai yi ba, wataƙila na kashe masa lafiyayyen inji saboda jahilcina. In na ce ya yi, na ɗora ransa a kan abin da ban gane farkonsa ba. Na ce masa allura na gani, ban ga cikin ƙarfen ba, kuma ba zan yi wa Hajiya shaidar abin da ban sani ba.

Abin da na iya yi shi ne na zauna na rubuta duk aikin da aka yi wa injin, mataki goma sha tara, da Hausa, Injiniya ya fassara a ƙasan kowanne. Na goma sha ɗaya shi ne toshe tiyon, da yawan awannin. Ya so ya taƙaita wannan, na hana. A ƙarshe na rubuta cewa kada a tashi da shi sai wanda ya san irinsa ya buɗe ya gani. Na sa takardar a leda, na ɗaure ta da waya a jikin injin. Sannan muka ci tuwon.

Kwantena ta tafi, su ma suka bi ta bayan wata ɗaya. Injiniya bai zo sallama ba, saƙo ya turo, gajere, amma babu baƙar magana a ciki. Hajiya takan kira ni duk Sallah. Bara ta ce jirgin yana haɗe a wata rumfa a gonarsu, an yi masa fenti, injin kuwa yana cikin akwatinsa. Sun nemi wanda ya san irinsa a Zariya da Kaduna da Kano ba su samu ba tukuna, ita kuma ta ce yarjejeniya ba ta tashi ba. Ta yi mini godiya. Na karɓa, amma har yanzu ban san ko ran mutum na tsare ba, ko kuwa lafiyayyen inji na kulle a akwati.